Matsefatar Maƙeri da Idon Inna

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba mu ido biyu bai karɓi ko kwabo ba. Sunana Kulu, a Bukkuyum nake aure, sana'ata ɗinkin hula. Abin da zan faɗa jinyar mahaifiyata ce, Inna, a gidanmu na Zugu, tun lokacin da ba a yi jihar Zamfara ba, duk muna Sakkwato. Na rubuta shi ne domin har yau ina ganin tsofaffin mata da matsefata rataye a wuya, ido na zubar ruwa, 'ya'yansu na cewa ai tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Mu ma tsufa muka ce, ido ɗaya ya tafi muna zaune.

Ciwon Inna daɗaɗɗe ne. Fatar idonta ta sama ce ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar idon duk sanda ta ƙifta. Wanda bai san abin ba, ya tuna ranar da ƙaiƙayi ya faɗa masa a ido wajen shiƙa, sai ya ɗauka ya ƙi fita shekara da shekaru. Maganin da kowa ya sani a ƙauye shi ne a tsige gashin, in ya sake fitowa a sake tsigewa. Da matsefata ake yi, irin ta maƙera wadda manoma da makiyaya ke cire ƙaya da ita. Autarmu Nana ce ke yi mata, kuma Nana tana da ido, tana da haƙuri, ɗaya bayan ɗaya take bin gashin har gindinsa. Sai aka yi mata aure aka kai ta can wajen Kwantagora. Aikin ya koma hannun Gwaggo Tumba, ƙawar Inna tun suna 'yanmata, wadda ita kanta sai an zura mata zare a allura.

Za ku ce ni ina nake, ni da nake zaune kan allura tun safe. To ni ce 'yar fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wajenmu, amma ta Inna ta wuce ta kowa, don uwarta Bafulatana ce. Ana yaye ni aka kai ni Bukkuyum wurin ƙanwar babana, can na girma. Inna ba ta kiran sunana, ba ta duban fuskata. In na shiga ɗaki sai ta juya ta sami abin yi da bango. In tana da magana da ni, ko muna tabarma ɗaya, sai ta ce wa wanda ke kusa, "Ku ce ma waccan kaza da kaza." In ba kowa kusa, sai ta faɗa wa kaji. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don daddawa da man shanu ba su taɓa yankewa a ɗakina ba, kullum ƙanena Sani na kawowa yana cewa an ce na yara ne. Amma mace irin wannan ba za ta ɗora kanta a cinyata ta buɗe mini ido ba. Ba wanda ya ma kawo zancen.

Da bazara Sani ya zo a kan kekensa, ya ƙi zama. Ya ce, "Yaya Kulu, Inna ba ta hita rana. Ɗaki take wuni da zane bisa huska, kuma ta ce kar a hwaɗa maki." Na bar hular da nake yi, na sallami mai gidana Malam Umaru, na bi shi.

Na tarar da ita a ɗaki cikin zafin nan, ƙofa a rufe. Na gaishe ta, ta amsa wa Sani. Na ce ta bari in ga idon. Ta ce, "Ku ce ma waccan lahiyata lau. Mi tag gani da za ta baro ɗiyanta?" Ana haka Gwaggo Tumba ta shigo, ta ciro matsefatar da ke rataye a wuyan Inna. Ta jawo Inna bakin ƙofa, ta ɗaga fatar idon da babban yatsa, ta damƙo gashi nawa ne oho, ta fizge. Inna ta cije baki. Ni ina tsaye daga baya, daga nan na hango idon. Na hagu ja wur, da ruwan ƙwantsa, na dama ma ya kama hanya. Na ce, "Gwaggo, kina ganin abin da kike kamawa kuwa?" Ta ce, "Ke tahi can. Tun ba a haihe ki ba nike cire ma mutane ƙaya." Na ce ai ido ba dunduniya ba ne. Ranar ba mu rabu da daɗi ba.

Satin farko na masu ba da shawara ne. Duk wadda ta zo gaisuwa da nata maganin a baki. Wata ta ce a ɗiga nonon mai jego. Wata ta ce zuma farar saƙa. Wata ta kawo tozali da aka haɗa da wani gari, ta ce daga Makka aka zo da shi, ko da yake ni na san a kasuwar Gummi ake sayar da shi. Wanzamin garin ya aiko cewa yana iya tsinke fatar idon ta sama ya ɗaure har ta ɗage. Wannan kam na ce sai dai in na mutu. Sauran kuwa duk an gwada, wani a gabana, wani bayan na juya. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, da zuciya ɗaya suka kawo, amma ido ya ƙara kumbura.

Sati na biyu na koma Bukkuyum na je ɗakin shan magani. Malamin wurin ya saurare ni, ya ba ni maganin shafawa ɗan ƙarami da ake matsewa a cikin ido, ya ce safe da yamma. Allah ya saka masa, ƙwantsar ta ragu. Amma hawaye bai tsaya ba, kuma Inna ba ta fasa kiran Tumba ba, don da gashin ya taso ba ta iya ko buɗe ido ta yi alwala. Malamin ya ce in bai yi sauƙi ba mu kai ta Anka.

Kafin Inna ta yarda ta shiga mota sai da aka haɗa da limamin unguwa. Muka sayar da tunkiya, muka tari motar 'yan kasuwa, ni da ita da Sani, ita a tsakiyar buhuna da zane a ka. A asibiti muka sami layi tun daga bakin ƙofa. Ana ba da kati a taga ɗaya, ana kiran suna a wata, wanda bai ji ba ya koma baya. Muka wuni. Da rana ta yi sanyi muka shiga wurin likita, wani dogo mai gajiya a fuska. Ya haska tocila a idon, ya daɗe yana dubawa. Ya ce na hagu ya yi gyambo a kan ƙwayar, na dama kuma da sauransa. Ya ce aikin fatar ido take bukata, su kuma ba su da mai yi. Akwai masu aikin ido da kan zo Gummi daga Sakkwato lokaci lokaci, mu saurara. Ya ƙara mana irin maganin nan, ya ce kar a kuma sa komai. Na tambaye shi yaushe za su zo. Ya ce shi ma bai sani ba. Na fito raina a ɓace, tunkiya ta tafi, mun dawo da maganin da muke da shi a gida.

Jiran nan shi ya ci idon. Nakan yi kwanaki a Zugu, in koma in ga yara, in dawo. Wata safiya na iso na sami Inna a tsakar gida a karon farko, tana tankaɗe, har da ɗan walwalarta. Ta ce wa Sani, "Ka ce mata ta huta da zirga-zirga. Na hagu ya bar ciwo." Na yi murna har na ce alhamdu lillahi. Da ta sunkuya ɗaukar ƙwarya na leƙa ta gefe. Baƙin idon ya koma fari fat, hakiya ta rufe shi. Na sa Sani ya rufe mata na dama da tafin hannu, ya ɗaga yatsunsa a gabanta. Ta ce tana ganin haske. Ya ce yatsu fa? Ta ce ya ɗauke hannunsa tana da aiki. Na zaga bayan rumbu na yi kukana. Ido ɗaya ya rage mata, shi ma Tumba na zuwa masa da matsefata.

Sai da ruwa ya sauka aka fara shuka sannan labari ya zo cewa masu ido sun iso Gummi. Hanya ta lalace, mota ta kafe da mu har sai da maza suka sauka suka tura. Muka sauka gidan wani ɗan uwan Malam Umaru, suka riƙe mu da mutunci, Allah ya biya su. Layin Gummi ya ninka na Anka. Makafi da masu shirin makancewa daga ko'ina, har daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa da sandarsa da mai jansa. Akwai wani masinja a bakin ƙofa da ke daka wa tsofaffi tsawa kamar yana korar awaki. Da ya yi wa Inna, na ce masa ya dubi furfurarta, shi ba tsohuwa ta haife shi ba? Ya mayar da mu ƙarshen layi. Mun kwana biyu kafin mu shiga, kuma na san bakina ya jawo rabin wannan, amma ko yau ya sake zan sake.

A ciki muka sami wata ma'aikaciya da kowa ke kira Sista, mutuniyar Zuru, gajera, ba ta da yawan dariya. Ita ke duba mutane kafin su kai ga likita. Ta zaunar da Inna a gaban taga, ta sa wani gilashi a goshinta, ta juya fatar idon. Ta ce, "Wa ke cire mata gashin?" Na ce maƙwabciya. Ta ce, "Da me?" Sani ya ce Inna ta fito da ita, don tana nan rataye a wuyanta da zare. Inna ta yi kamar ba ta ji ba, sai da Sista ta miƙa hannu sannan ta cire ta ba ta.

Sista ta ɗaga matsefatar a haske, ta matse ta. Ta ce in matso in duba. Bakin nata kaifi ne da shi, kuma ba ya haɗuwa sai a tsini ɗaya, sauran duk haske na wucewa. Sai ta ɗauko nata daga wani farantin ƙarfe mai murfi, ɗan hantsaki fari mai sheƙi, bai kai tsawon yatsana ba. Bakinsa shimfiɗaɗɗe, ba kaifi, in ta matse sai ya haɗe ruf, ko haske ba ya ratsawa. Ta kama gashi ɗaya a hannuna da ta maƙerin, ta ja, ya tsinke a tsakiya. Ta kama wani da nata, ta ja a hankali, ya fito da wani ɗan farin abu a gindinsa. Ta ce, "Kin ga wannan farin? Shi ne saiwar. In ba ki gan shi ba, ba ki cire ba. Wannan taku ba cirewa take yi ba, aski take yi." Ta ce in shafa wurin da na farko ya tsinke. Na shafa, na ji tsini. Ta ce, "Dogon gashi shafar ido yake yi. Guntu kuwa sukarsa yake yi, duk ƙiftawa. Fatar idon tsohuwar nan cike take da guntaye." Wannan magana ta zauna mini, har yau da muryarta nake jin ta.

Na hagu likita ya ce ba abin da za su iya. Na dama suka yi wa aiki washegari. Ba a sa ta barci ba, allura aka yi a fatar, aka tsaga, aka juyo da bakin fatar waje aka ɗinke. An ce mu sayo auduga da ƙwayoyin rage zafi a kemis, wai nasu sun ƙare, muka sayo. Inna ta kwana da ido a naɗe, ba ta ganin komai, kuma duk da haka da ta ji hannuna a kafaɗarta sai ta ce a kira mata Sani ya kai ta bayan gida. Namiji ba ya shiga ɓangaren mata, dole ni na ja ta, tana tafe tana kau da kai, alhali ko ta juyo ba abin da za ta gani. Da aka kwance, idon ya kumbura kamar an yi dambe da ita, zare baƙi a jere. Amma ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta ce wa Sani, "Babu ƙaya." Shekaru ke nan ba ta ƙifta ido ba tare da zafi ba.

Ranar cire zare Sista ta tsayar da mu. Ta ce aikin ya yi kyau, amma fatar Inna ta daɗe da lalacewa, wataƙila gashi ɗaya ko biyu su sake juyawa ta wajen wutsiyar ido. In haka ta faru, a cire da wuri, kuma a cire daidai, don ido ɗaya ba ya ɗaukar kuskure. Su kuma ba ta san ranar da za su dawo ba. Ta buɗe jakarta ta fito da wani hantsakin irin wancan, ta ce nata ne na kanta, ba na asibiti ba. Ta ce, "Wa zan koya wa?" Nan take Inna ta nuna Sani. Sani ya karɓa, ya nufi gashin hannun Sista. Yatsun manomi, duk kanta. Ya kama iska, ya kama fata, gumi ya keto masa, ya ce shi wallahi ko kaza ake yankawa ba ya iya kallon idonta. Sista ta karɓe ta ba ni. Na kama, na ja, ya fito da farinsa. Ta sa na yi ta yi har ta gamsu. Ta koya mini in dafa shi a ruwa kafin da bayan aiki, in wanke hannu da sabulu, in yi da hantsi a fili, in sa Inna ta kalli ƙasa in ɗaga fatar, in kama a gindi, in ja ta inda gashin ya dosa, kar in fizga.

Ta dubi Inna da ta ba mu baya, ta dube ni, ta ce, "'Yar fari ce ke?" Na ce e. Ta ce, "Na gane tun a layi." Ta dafa Inna ta ce, "Inna, kunya abu ne mai kyau, mu ma muna da ita. Amma ko ɗiyar nan taki, ko sanda. Ki zaɓa." Inna ta ce wa Sani, "Ka yi ma Sista godiya." Ban san sunan Sistar nan na gaskiya ba, ban sake ganinta ba. Duk inda take, Allah ya duba bayanta.

Damina ta wuce lafiya. Inna ta koma tsintar shinkafa da kaɗi, har tana gane mai shigowa tun daga zaure. Na naɗe hantsakin a farin ƙyalle na sa a ƙasan akwati, ina addu'a ya tsufa a can. A nan zan ce wa duk mai tsohuwa irin tamu: kar ku jira a ce ido ya bar ciwo. Ku kai ta tun gashin na shafa, kuma ku raba ta da matsefatar ƙaya ko za ta yi fushi da ku.

Bayan an gama girbi sai ga Sani da kekensa. Ya ce idon na ruwa, kuma ya ga Gwaggo Tumba ta fito daga wurin maƙeri. Ko mayafi ban tsaya gyarawa ba. Na isa na sami sabuwar matsefata a kan tabarma, madadin wadda Sista ta karɓe, ba a kai ga amfani da ita ba, Allah ya taimake ni Tumba ta je ɗaurin aure. Na ɗauke ta na wurga bayan danga. Na fito da nawa na ce, "Inna, ki kwanta in cire maki." Ta ce, "Ku ce ma waccan ta ba Tumba ƙarhen, ta nuna mata yadda aka yi." Na ce Tumba ba ta ganin gashin, ba ƙarfe kaɗai ba ne, ido ne da hannu. Ta ce to a bari Nana ta zo. Na ce Nana na da tsohon ciki, kafin ta zo an gama. Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Na tsaya a bakin ƙofar na ce, ba da Sani ba, da ita, "To ni ma ba ni barin gidan ga sai na cire shi."

Haka muka zauna kwana da kwanaki. In na yi tuwo ta ci, in na ɗauko hantsaki ta juya bango. Tumba ta zo ta zazzage ni, ta ce ban da tarbiyya, 'yar fari ba ta hawa kan uwarta. Na ce na ji, amma ba ta taɓa idon. Kullum ina ganin hawaye na bin kuncin Inna na dama, farin idon na ƙara ja, ta koma rufe fuska da zane. Na roƙa, na yi faɗa, na yi kuka. Na sa liman ya yi mata magana, ta ce to, yana fita ta koma gidan jiya. Na ji haushinta ƙwarai, ban ɓoye ba. Na ji tsoro kuma fiye da haushin, don na riga na ga yadda baƙin ido ke komawa fari.

Sai ga Malam Umaru. Tela ne, mutum mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya rufe shagonsa ya hawo keke da tabarma da buta da bargo a ɗaure a baya. Na ɗauka biko ya zo, na fita zaure na fara yi masa bayani. Ya ce ya ji komai wurin Sani. Ya shimfiɗa tabarmarsa a zauren, ya jingina keke, ya kira Sani ya ce, "Ka gaishe min da Inna. Ka ce ba gaggawa. Ina nan zaure har Kulu ta ƙare aikin da taz zo yi, ko wata nawa na."

Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna da surukinta ba su taɓa haɗa hanya ba. In ta hango shi a kasuwa sai ta canja layi, in ya zo gaisuwa daga bayan danga ake yi, ta bakin wani. Yanzu ga shi ya tare a ƙofarta. Ba ta iya fita ɗebo ruwa, ba ta iya zuwa barka, ba ta iya ɗaga murya ta kira kaza. Maƙwabta suka fara zuwa gaishe shi, suna tambaya lafiya suruki ke kwana zaure, shi kuwa sai ya ce lafiya lau, jira yake. Har wani ya kawo masa riga ya ɗinke masa da hannu. Inna ta sa aka yanka zakara aka kai masa, ya ci ya yi godiya, bai motsa ba. Ta aika cewa yara na can su kaɗai, ya aiko cewa ƙanwarsa na tare da su. Na ji ta a ɗaki tana cewa, "Wanga abin kunya da mi ya yi kama, ɗan mutane bisa ƙasa sabili da ni."

Bayan ya kwana biyu, da safe ina wanke-wanke, ba kowa a tsakar gida sai ni da kaji, ta fito ta tsaya tana kallon rumbu. Ta ce, "Ku ce ma waccan ta dahwa ƙarhenta."

Na dafa shi, na wanke hannu, na shimfiɗa tabarma inda hantsi ke sauka. Na zauna na miƙe ƙafa. Ta daɗe a tsaye, sannan ta durƙusa, ta kwanta, ta ɗora kanta a cinyata, ido a runtse gam. Kanta ba nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni mamaki.  Na ce ta kalli ƙasa. Na ɗaga fatar da yatsa. Gashi biyu ne a wutsiyar idon, sirara, sun kwanta a kan ƙwayar, in ba ka saba da zaren hula ba ba za ka gan su ba. Baƙin idon yana nan garau, na gode wa Allah a raina. Na kama na farko a gindi, na ja a hankali, ya fito da farinsa. Na biyu ya zame mini, na sake kamawa, ya fito shi ma. Na ce ta ƙifta. Ta ƙifta. Na ce, "Inna, saura in duba ko akwai wani. Sai kin buɗe sosai kin dube ni."

Ta buɗe. Na duba sama da ƙasa, babu saura. Na ce an gama, tana iya tashi. Ba ta tashi ba. Idon nan ɗaya yana kan fuskata, yana bin ta daga goshi har haɓa. Can ta ce, "Ashe wanzamin nan bai daidaita maki tsaga ba. Ta hagu ta hi tsawo."

Na ce, "Inna, da ɗiya huɗu gare ni, sai yanzu kinka gani?"

Ta ce, "Yanzu nid duba."

Hawayena ya ɗiga a goshinta. Ta ce, "Kau da kanki, kina jiƙa ni. Tashi ki sallami ɗan mutane." Da ni take, ba da kaji ba. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da na haifi ɗan farina.

Daga nan duk sanda gashin ya taso, aike take yi a ce wa waccan ta zo da ƙarfenta, in zo ta kwanta ba gardama. Sunana dai ba ta taɓa kira ba har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙanta. Amma da idonta na dama ta tafi, yana gani, kuma ta san fuskata.